Muryar Tana Cikin Kwamfuta

Wata rana ina zaune a shagona na kwalliya a Barnawa, ina wanke burushi, sai wasu mutum biyu suka yi sallama.

Namijin ne a gaba. Fes da shi, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

A bayansa wata yarinya siririya, ta naɗe wuyanta da mayafi mai kauri, ga shi kuwa zafi ake zubawa ranar.

Na gane ta tun kafin ta zauna.

Ni Musulma ce, amma sana'ata ta kai ni bukukuwan Kiristoci da yawa a Kaduna, ina gyara amare. A can na sha ganin ta. Su huɗu ne a ƙungiyarsu, suna waƙoƙin yabon Ubangiji da kiɗan zamani, irin wanda matasa ke tashi su taka rawa.

Ita ce ƙaramarsu.

Ita ce kuma idan ta ɗaga murya, masu rabon abinci sai su tsaya cak da faranti a hannu.

Ba zan faɗi sunanta ba. Mu kira ta Afiniki.

Mutumin ya ce shi ne manajanta. Ya ce ta bar ƙungiya, yanzu ita kaɗai za ta tsaya, kuma albam ɗinta na farko yana hanya. Yana so in riƙa yi mata kwalliya, tun daga ɗaukar hoto har ranar ƙaddamarwa.

Na ce, "Kai, madalla! Ƙanwata, ina taya ki murna."

Ta buɗe baki za ta amsa.

Ya riga ta.

"Ta gode."

Na ɗan kalle shi, na kalle ta. Ta sunkuyar da kai.

Ina cikin shafa mata hoda wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Sunan ya fito ɓaro-ɓaro: Yaya Briskila.

Ta miƙa hannu. Ya riga ta a nan ma. Ya duba, ya kashe, ya jefa wayar a aljihunsa.

"Ba yanzu ba," in ji shi, yana murmushi.

Murmushin nan ne bai kwanta min ba.

Ku da kuka san kujerar kwalliya kun san halinta. Mace na rufe ido, ta ji hannu a fuskarta, sai zance ya fara zubowa.

Ranar da ya bar ta a shagon ya tafi wata sabga, ta ba ni labarinta.

Briskila yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta koya mata waƙa tun suna ƙungiyar mawaƙa ta cocinsu a Kagoro. Da babansu ya rasu, ita ta ɗauko ta zuwa Kaduna, suna kwana ɗaki ɗaya. Ita ce kuma ta haɗa ƙungiyar.

Shi manajan a wani biki ya gan su. Ya jira ta fito shan iska, ya ce mata, "Ke ce ƙungiyar nan. Sauran rakiya suke yi miki."

Bai faɗa sau ɗaya ya bari ba. Kullum sai ya kira. Ya ce yayarta na tsoron ta wuce ta. Ya ce Allah bai ba ta wannan murya don ta tsaya a bayan wata ba.

A hankali ta yarda.

Ta kwashe kayanta ta koma gidan da ya kama mata.

Na ce, "Yayarki ba ta hana ki ba?"

"Ta hana, Anti. Ta ce in jira, ba ta yarda da mutumin ba. Ni kuma na ce mata ita ce ta danne ni duk shekarun nan."

Sannan ta ƙara da cewa:

"A gaban mutane na faɗa."

Tun ranar na lura da wani abu. Tana magana tana gyaran murya. Kalma uku, gyaran murya. Kullum tana riƙe da fulas na ruwan zafi da citta da zuma.

Duk zuwan da za ta yi, muryar ta ƙara dusashewa.

Ba abin mamaki ba ne. Tun safe tana sitidiyo. Daga can gidan rediyo. Ranar Lahadi a kai ta wannan coci, a ɗauke ta a kai ta wancan, ko'ina sai ta ɗanɗana wa mutane sabuwar waƙa don su san albam na zuwa.

Wata rana ta shigo, ta leƙa waje ta tabbatar yana can yana waya, sannan ta ce min ƙasa-ƙasa:

"Anti, na je asibiti. Bai sani ba sai da na dawo."

Likitan maƙogwaro ya leƙa da na'ura. Ya ce jijiyoyin muryarta sun kumbura sosai. Ya ce ta yi shiru na makonni, ba waƙa, ba doguwar magana. Idan ta matsa musu, za su iya fashewa, kuma ba lallai su koma yadda suke ba.

Na ajiye burushin.

"Me Oga ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce likitan bai san an kama zaure ba, an gayyaci manyan baƙi."

Ba mu gama maganar ba ya shigo. Ba shi kaɗai ba. Tare da wani mutum mai ƙaramar jakar fata, ba ya kallon kowa a ido.

Manajan ya ce, "Hajiya, a ɗan ara mana ɗakin ciki. Allura za a yi mata, ta buɗe murya."

Na ce, "Wannan likita ne?"

"Ya san aikinsa."

"To, ba a shagona ba."

Bai yi musu ba. Murmushin nan dai ya sake yi, ya ce, "Taso, tauraruwa."

Ta tashi ta bi su waje, rabin fuskarta da kwalliya, rabi babu.

Can sai ta dawo ta zauna. Na ƙarasa aikina.

Washegari na ji ta a rediyo.

Murya tas. Garau. Kamar ba ita ce jiya ke gyaran murya a kujerata ba.

Masu kira suna ta sa mata albarka. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi, kuma ba don daɗi ba.

Daga nan mai jakar ya zama kamar ɗan gida. Duk inda za ta yi waƙa, yana nan a gefe. Da farko allura ɗaya takan riƙe ta kwanaki. Daga baya ko wuni ba ta kaiwa.

Fuskarta ta fara kumburi. Ni ce mai rufe shi da hoda, don haka na sani.

Na ce mata, "Afiniki, ki kira yayarki."

"Da wane baki, Anti?"

"Da wanda ya rage miki."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. Da ya lafa ta ce:

"Na yi addu'a. Na roƙi Yesu ya bar min ita har ranar Asabar ɗin ƙaddamarwa kawai. Bayan nan ya yi yadda ya ga dama."



Ana saura 'yan kwanaki, wata mata ta shigo shagon. Ba ta zo kwalliya ba, ko zama ba ta yi ba. Kamanninta da Afiniki kaɗai ya isa, ban tambayi sunanta ba.

"Anti, ni ce Briskila. Na ga sunan shagonki a ƙasan hotunanta."

Na ba ta kujera, ta girgiza kai.

"Tana cin abinci?"

Na ce, "Kaɗan."

"Na ji ta a rediyo. Mutane na yabo, ni kuwa kuka na yi. Tana jan numfashi a inda ba ta taɓa ja ba. Yarinyar nan ciwo take ji."

Na faɗa mata abin da na gani, har da mai jakar.

Sai ta ce:

"Na je gidan da take, mai gadi ya ce an hana shi barin kowa ya shiga. Na kira, ba ya shiga. Ranar Asabar zan sayi tikiti kamar kowa, in zauna a baya. Kada ki ce mata na zo. Idan ta ji, za ta ɗauka na zo ganin faɗuwarta ne."

Ta juya ta fita.

Asabar ta zo.

Tun da rana zauren ya cika maƙil. Fastoci a layin gaba. Matan zumunta na cocinsu sun cika mota tun daga Kagoro, da ankonsu da gangunansu. Mahaifiyarta na tsakiyarsu, ta sha ɗauri, sai gaisawa take da mutane tana cewa, "Ai 'yata ce."

Mu kuma muna wani ɗan ɗaki a bayan dandamali.

Afiniki ta shigo cikin doguwar farar riga. Na ce, "Amaryar yau, sannu da zuwa."

Bakinta ya motsa.

Iska kawai ta fito.

Mai jakar ya zo ya yi abin da ya saba. Aka jira. Ta gwada. Babu. Ya sake yi mata wata, wannan karon shi ma goshinsa na zufa. Aka sake jira.

Ta yi tari a cikin hankici, ta duba, ta yi sauri ta dunƙule shi a hannu.

Amma na riga na ga launin.

Daga waje muna jin mai gabatarwa yana ɗumama taro, ana kiran sunanta, ana tafi.

Manajan ya shigo, ya sha sababbin kaya, yana duba agogo.

Ta kama hannun rigarsa. Da ƙyar, kamar mai raɗa, ta ce:

"Oga, babu. Muryar ba ta nan."

Bai ko kalli wuyanta ba. Haɓarta ya kama, ya juya fuskar dama, ya juya hagu, ya ce min, "Hajiya, ƙara mata jan baki."

"Oga... da me zan yi waƙa?"

"Muryar tana cikin kwamfuta. Ke fuskarki kawai nake buƙata."



Na ce, "Malam, yarinyar nan jini take tofarwa. Asibiti za ta, ba dandamali ba."

Bai kalle ni ba. Ita ya kalla.

"Mamanki na layin gaba. Ki fita ki gaya mata an fasa."

Afiniki ta rufe ido. Ta buɗe. Ta ɗauki jan bakin daga hannuna, ta shafa da kanta.

Ta fita.

Na bi ta har bakin labule, daga nan ina hango ta ina hango jama'a.

Ihun da aka yi da ta bayyana, sai da na ji shi a ƙirjina.

Kiɗa ya tashi. Muryar ta fito daga lasifika, mai daɗi, mai ƙarfi, wadda aka naɗa a sitidiyo tun tana da lafiya. Ta ɗaga makirfo tana motsa baki.

Babu wanda ya gane.

Waƙar farko ta wuce lafiya. Matan zumunta har guɗa suka yi.

Ta biyu mai sanyi ce, ta addu'a, wadda mutum ke gaya wa Ubangiji cewa ba shi da abin ɓoyewa a gabansa.

A nan na ga yanayinta ya sauya.

Jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Kafaɗunta suka ɗaga. Ba motsa baki take yi ba kuma. Da gaske take yi. Tana tura muryar da duk ƙarfinta cikin makirfon da ba a ma kunna ba.

Ina jin ta kasa yi wa Allah wannan waƙar da bakin ƙarya ne.

Na ce a raina, ki bari, ki bari.

Sai ta tsaya.

Ta dafe wuya. Ta sunkuya. Makirfon ya sauka har gwiwarta.

Tari ya turnuƙe ta, ta toshe baki da hannun riga.

Farar rigar ta ɓaci.

Muryar kuwa ba ta tsaya ba.

Tana can sama tana hawa, tana hawa, ta kai wurin nan mafi tsayi da kowa ke jira.

Mutane idanunsu a rufe, hannaye a sama, suna "Haleluya! Haleluya!"

Mai muryar tana durƙushe a gabansu.

A rayuwata ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro kamar wannan ba.

Layin gaba ne suka fara buɗe ido. Shiru ya fara daga nan, yana tafiya baya, layi bayan layi, har zauren ya mutu gaba ɗaya. Sai muryar kaɗai, tana ta zuba yabo.

Daga can baya wata mata ta taso. Ba gudu take ba, amma babu wanda ya iya tsayawa a gabanta. Masu tsaro suka tare ta a bakin matakala.

Mahaifiyarsu ta miƙe ta daka tsawa: "Ku bar ta! Yayarta ce!"

Briskila ta hau. Ta cire mayafinta ta lulluɓe ƙanwarta, ta ɗago ta. Afiniki ta kalle ta, bakinta ya motsa, babu sauti.

"Na ji," in ji Briskila. "Yi shiru. Na ji."

Suka nufo labule inda nake. Manajan ya sha gabansu.

"Ina za ki kai ta? Ba a gama ba, akwai sauran waƙoƙi."

Briskila ta nuna lasifika da haɓa.

"Ai ga ta can tana yi muku."

Ta ratse shi suka wuce.

Har muka fita da ita waje muka sa ta a mota, ba a kashe waƙar ba.

An yi mata aiki a maƙogwaro. Ta yi watanni ba ta furta ko kalma ɗaya ba.

Bidiyon abin da ya faru ya zagaya ko'ina. Wasu suka yi mata addu'a. Wasu suka ce dama can mawaƙiyar ƙarya ce, asirinta ne ya tonu. Albam ɗin kuwa sai ya ƙara karɓuwa. A keke, a shagon aski, a gidan biki, ko'ina ita ce.

Da sanyi ya fara shigowa na je duba ta a gidan yayarta a Sabon Tasha.

Ta rame, amma kumburin ya saɓe. Ta ce, "Anti, sannu da zuwa."

Na yi ƙoƙari kada fuskata ta nuna komai. Muryar ta dawo, amma ba waccan ba ce. Ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar ta tsoho mai mura. Likita ya ce magana za ta yi. Waƙa kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Da Briskila ta shiga kicin, ta matso kusa da ni.

"Ya aiko, Anti."

"Wa?"

"Oga. Akwai babban taro a Abuja ranar Kirsimeti. Ya ce yanzu ma mutane sun fi son gani na. Ba sai na yi sauti ba. In tsaya kawai."

"Me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba."

Ta kalli ƙofar kicin, ta ƙara rage murya.

"Ba shi nake tsoro ba yanzu. Kaina nake tsoro. Idan na tuna ihun nan da aka yi da na fito, sai in ji ƙafata na son tafiya."

Ta kama hannuna, ta riƙe gam.

"Ki yi min alkawari. Idan na kira ki na ce ki zo ki yi min kwalliya ranar, kada ki zo. Ko na yi miki kuka, kada ki zo."

Na ce, "Na yi miki alkawari."

Na koma gida da maganar a raina.

Disamba ta shigo. Kasuwa ta cika, amare sun yi yawa, amma duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai na duba sunan kafin in numfasa.

Ana gobe Kirsimeti, da hantsi, ina tsakiyar ɗaura wa wata amarya ɗankwali, wayar ta yi ƙara.

Afiniki.

Na tsaya ina kallon ta. Har amaryar ta ce, "Anti, ba za ki ɗauka ba?"

Na ɗauka.

Shiru. Sai numfashi.

Na ce, "Ƙanwata?"

"Anti... ina Kagoro wurin Mama. Muna yanka albasa ni da Yaya."

Ta ɗan yi tari.

"Na kira ne kawai in gaya miki ba zan je ba."

Na zauna a kujerar da ke kusa.

Ba a fasa taron Abuja ba. An ce zauren ya cika. An ce wata sabuwar yarinya ce ta hau, 'yar ƙarama, mai murya kamar me, kuma manajan yana tsaye a bakin labule.

Ban san wa ya yi mata kwalliya ba.

Darasi:

Ba duk mai yabon baiwarka ne yake son ka ba. Wani abin da ke fitowa daga jikinka yake so, ko da jikin zai lalace.

Idan mutum ya fara amsa tambaya a madadinka, ya fara zaɓar maka wanda za ka yi magana da shi, ya fara gaya maka cewa waɗanda suka raine ka su ne maƙiyanka, ka tsaya ka yi tunani tun kana da bakin magana.

Idan likita ya ce ka huta, ka huta. Taro yana ɗaguwa, ana sake kama zaure. Abin da ya fashe a jikinka ba lallai ya koma ba.

Kuma idan ka san kana da rauni a kan wani abu, kada ka ji kunyar faɗa wa wanda zai riƙe ka.

Kana da ƙanwa, ɗa ko aboki da tauraronsa ya fara haske, kuma ka ga wani ya fara shiga tsakaninku? Ka tura masa wannan yau. Ka yaɗa shi, ba ka san wace ce ke zaune a bayan labule yanzu tana tunanin ba ta da damar cewa a'a ba.